Gonar Baba da kufan Fort Trumbull

Akwai wata takarda da Baba yake ajiyewa a ƙasan akwatinsa na ƙarfe, ƙarƙashin babbar rigar da yake sawa ranar Idi. Shafi ɗaya ce, bugun tafireta, ta yi ja don tsufa. Abin da ke cikinta lissafin itatuwa ne kawai: ɗorawa 4, mangwaro 7, tsamiya 2, kuka 1, sai rijiya. Gaban kowanne an rubuta kuɗinsa, a ƙasa an haɗa jimla. Baba ya dangwala yatsa, ko da yake ya iya rubuta sunansa da ajami, don ma'aikacin ya ce ba a karɓar ajami. Wannan takarda ita ce abin da ya rage mana na gonar da kakan Baba ya sare dajinta.

Da kaka suka zo, an yanke gero amma dawa tana tsaye. 'Yan safiyo ne su uku, suka yini suna leƙe ta cikin na'urarsu mai ƙafa uku, mu yara muna bin su a baya muna murna. Kafin mako ya zagayo an kakkafa duwatsun siminti a gonaki wajen arba'in, har da tamu. Dagaci ya tara magidanta a ƙofar gidansa, wani ma'aikaci mai kwat ya miƙe ya ce gwamnati za ta kawo masana'antu, za a ja wuta, za a yi titi, 'ya'yanku sun daina tafiya cin rani. Baba ba mai magana ba ne a taro, amma ran nan ya ɗaga hannu. Ya ce, "Ranka ya daɗe, mun ji kuɗin itace. Ita ƙasar fa, nawa aka yi mata?" Mutumin ya yi murmushin wanda ya saba jin tambayar. Ya ce, "Ai Malam, ƙasa ta gwamnati ce. Abin da ka dasa ko ka gina a kanta shi ake biya."

Takin da aka shekara hamsin ana kaiwa a mangala bai shiga lissafi ba. Kalwar da Inna take tarawa duk shekara ta yi daddawa ta sai mana littafi da takalmi, ita ma ba ta shiga ba. An biya kuɗin ɗorawa sau ɗaya, an gama. Filin ya shekara goma sha ɗaya kewaye da waya, ba masana'anta ko ta ashana, sai makiyaya da suka yanke wayar suna shiga kiwo. Daga baya aka yanka shi fuloti-fuloti. Yau in ka bi ta wurin, daidai inda kukarmu take gidan mai ne, bayansa ɗakin taron biki, sai gidaje masu doguwar katanga da ba ɗan ƙauyenmu ko ɗaya a ciki in ba mai gadi ba.

Na girma ina zaton wannan ciwo namu ne mu kaɗai, mu da soja ya rubuta wa dokar ƙasa. Sai abinci ya kawo ni Amurka, jihar Connecticut, inda nake aikin gwajin jini a wani asibiti. Wata rana lokacin hutun shayi ina ba wata abokiyar aikina labarin gonar, dattijuwa ce Baturiya da ta tashi a garuruwan bakin teku na jihar. Ta ajiye kofinta ta ce, "Ka taɓa zuwa Fort Trumbull?" Na ce a'a. Ta ce in je, bai wuce tafiyar awa ɗaya ba, amma kada in sa ran ganin komai, don rashin komai ɗin ake zuwa kallo.

Na je wata Asabar a watan Mayun 2017. Fort Trumbull unguwa ce a garin New London, kan wani harshen ƙasa da ya kutsa cikin kogin Thames (har sunan kogin Landan suka ara, ba na garin kaɗai ba). Tsohuwar ganuwar soja da unguwar ta ci sunanta tana nan, an mai da ita wurin shan iska. Amma inda gidajen mutane suke a da, ciyawa ce ta kai gwiwa, da titi mai kwalta wanda ba ya kai ka ƙofar kowa. Bahaushe in ya ga kufai ba sai an gaya masa ba. Na kashe mota na zauna, abin da ya faɗo mini shi ne wayar nan da aka kewaye gonarmu da ita.

Sai na koma na karanta yadda aka yi, kuma gaskiya ba zan ce shugabannin garin mugaye ne ba. New London ya yi arziki a ƙarni na 19, zamanin da ake farautar manyan kifayen teku don mansu, daga baya duniya ta juya masa baya. A 1990 jiha ta sa shi a jerin garuruwan da ke cikin ƙunci. A 1996 gwamnatin tarayya ta rufe wata cibiyar binciken sojan ruwa da ke Fort Trumbull ɗin, mai ma'aikata fiye da 1,500. Zuwa 1998 rashin aikin yi a garin ya kusa ninka na jihar, jama'arsa sun ragu zuwa ƙasa da 24,000, adadin da rabon da a ga irinsa tun 1920. A Amurka kuwa, da harajin gidaje da filaye gari yake biyan malaman makaranta da 'yan sanda da 'yan kwana-kwana, ga shi wani babban yanki na ƙasar garin yana hannun kwalejoji da asibiti da makarantar dakarun tsaron gaɓar teku, waɗanda ba sa biyan haraji. Mai jin yunwa ne aka nuna wa tuwo.

Tuwon shi ne kamfanin magunguna na Pfizer, wanda Kanawa ba sa buƙatar a gabatar musu da shi tun sanƙarau na 1996. A Fabrairun 1998 kamfanin ya ce zai gina cibiyar bincike ta dala miliyan 300 dab da Fort Trumbull. Tun kafin wannan sanarwa an riga an farfaɗo da wata hukumar raya gari, NLDC, wadda ba ta gwamnati ba ce, ƙungiya ce mai zaman kanta, amma majalisar gari ta miƙa mata ikon karɓe gidajen mutane. Ta zana taswirar eka 90: otal, ɗakin taro, ofisoshi, sabbin gidaje wajen 80, matsayar jiragen ruwa na masu hali. Aka ce za a samu ayyuka fiye da 1,000 da haraji mai kauri. A Janairun 2000 gari ya amince. Yawancin mazauna unguwar suka sayar suka tashi, wasu don kuɗin ya yi musu, wasu don an nuna musu cewa ko sun ƙi ko sun so tashi za su yi. Mutum tara masu gidaje goma sha biyar suka ce ba inda za su, suka kai ƙara kotu.

Wadda shari'ar ta ɗauki sunanta ita ce Susette Kelo, ma'aikaciyar jinya. A 1997 ta sayi ɗan ƙaramin gidan katako mai kallon ruwa, ta gyara shi da guminta, ta shafe shi da fenti ruwan hoda. Ana jajiberin bikin godiya na Amurkawa a Nuwamban 2000 ta dawo ta tarar an liƙa mata takardar tashi a ƙofa. Amma ni wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce Wilhelmina Dery. A cikin gidan nan aka haife ta a 1918, ba ta taɓa zama a wani gida ba, mijinta ma da aka ɗaura aure can ya tare, suka shekara sittin. Gidan ya fi shekara ɗari a hannun danginta. Nawa za ka biya wannan tsohuwa? Doka ta ce kuɗin da gidan zai yi a kasuwa. Wato lissafin ɗorawa da tsamiya ne dai, sai dai nasu da dala.

Ba wanda ya ce gidajen nan sun lalace ko suna cutar da kowa. Laifinsu kawai sun faɗa cikin taswira. Kuma a tsakiyar unguwar akwai wani gini na kulob ɗin 'yan asalin Italiya, inda 'yan siyasa suka saba zuwa cin abinci. Katafila ta rushe na dama, ta rushe na hagu, shi aka bar shi a tsaye. Da na karanta wannan sai na yi dariya ni kaɗai, don na tuna gonar wani attajiri da layin safiyo ya yi wa kwana a ƙauyenmu, kamar layin ya ga maciji.

Abin da aka yi ta shari'a a kai 'yan kalmomi ne a gyara na biyar na tsarin mulkin Amurka, wanda ya fara aiki a 1791: ba za a karɓi dukiyar mutum don amfanin jama'a ba tare da diyya ta adalci ba. Sharaɗi biyu ke nan, amfanin jama'a da diyya. Ba wanda yake musun titi ko makaranta ko layin dogo. Ko a tarihin Musulunci, da Sayyidina Umar zai faɗaɗa Masallacin Harami ya sayi gidajen da ke kewaye, waɗanda suka ƙi sayarwa aka rushe nasu aka ajiye musu kuɗinsu har suka zo suka karɓa. Masallaci na kowa ne, wanda aka rushe wa gida ma a ciki zai yi salla. Rigimar tana farawa ne in an karɓe daga hannun Audu an ba Tanko, da hujjar cewa Tanko ya fi iya juya wurin, zai ɗauki ma'aikata, zai biya haraji mai yawa. Shin wannan amfanin jama'a ne, ko amfanin Tanko ne da jama'a za su lashi miyarsa in Allah ya sa ta ɗiga?

Kotunan Amurka sun daɗe suna sassauta igiyar. A 1954, shari'ar Berman, Kotun Ƙoli ta yarda a rushe wani kanti a birnin Washington wanda lafiyarsa ƙalau, don unguwar da yake ciki an yanke mata hukuncin lalacewa. A 1984 ta yarda jihar Hawaii ta karɓe filaye daga manyan masu ƙasa ta sayar wa 'yan hayan da ke zaune a kai, don a shekarun 1960 mutum 72 kacal suke riƙe da kashi 47 cikin ɗari na ƙasar jihar. Wannan kam ko ni na ji daɗinsa, ka ga yadda son rai yake: in an karɓe wa babba an ba ƙarami sai ka ji hujjar ta zauna daidai. A 1981 kuma birnin Detroit ya tashi wata unguwa sukutum, Poletown, mutum fiye da 4,000 da majami'unsu da asibitinsu, ya miƙa wa General Motors ya gina masana'antar mota, kotun ƙolin jihar Michigan ta sa albarka. Sai a 2004 kotun ta dawo ta soke wancan hukunci nata. Ihu bayan hari.

Ranar 22 ga Fabrairu 2005 aka saurari shari'ar Kelo a Kotun Ƙoli. Mai shari'a Sandra Day O'Connor ta yi wa lauyan gari tambayar da ta fi duk dogayen takardun lauyoyi: in gari ya ga cewa zai fi samun haraji idan ya karɓe ƙaramin masauki irin Motel 6 ya ba katafaren otal irin Ritz-Carlton, ya halatta? Lauyan ya ce eh. Na yaba masa, bai yi kwana-kwana ba. Ranar 23 ga Yuni aka yanke hukunci, alƙalai biyar suka goyi bayan gari, huɗu suka ƙi. John Paul Stevens, wanda ya rubuta na masu rinjaye, ya ce raya tattalin arziki tsohon aikin gwamnati ne, garin yana da cikakken tsari da aka zauna aka yi nazarinsa, ba don a faranta wa wani mutum ɗaya aka yi ba, kuma ba aikin alƙali ba ne ya koya wa zaɓaɓɓun shugabanni yadda za su ceto garinsu. Ya ƙara da cewa duk jihar da take son ta ɗaure hannun gwamnatinta fiye da haka, ga fili ga mai doki.

O'Connor ta rubuta na masu adawa da zafi. Ta ce yanzu ba abin da zai hana gwamnati ta maye gurbin kowane gida da rukunin kantuna, kowace gona da masana'anta, kuma waɗanda za su ci riba su ne masu faɗa a ji, manyan kamfanoni da 'yan kwangilar gine-gine. Clarence Thomas, baƙar fata ɗaya tilo a kotun a lokacin, ya rubuta nasa daban, ya tuna musu wa rusau ya saba ci: cikin iyalan da shirin sabunta birane ya tasa tsakanin 1949 da 1963, waɗanda aka san launinsu, kashi 63 cikin ɗari ba farare ba ne. Kashin dankali ba sai a kasuwarmu ba.

Akwai wani wuri a hukuncin da ba a cika ambata ba, ni kuwa nan ne na ga gonarmu. Lauyoyin Kelo sun ce, to, in ma za a yarda da irin wannan ƙwace, a tilasta wa gari ya nuna tabbaci mai ƙarfi cewa amfanin da ake faɗa zai samu. Kotu ta ce a'a, wannan zai jawo jinkiri, kuma ba hurumin alƙalai ba ne. To a nan gizo yake saƙa. Abin da mai gida zai rasa a hannu yake, yau, ana ganinsa: ɗakin da aka haife shi, maƙwabcin da zai ƙwanƙwasa wa ƙofa da tsakar dare. Abin da aka ce jama'a za su samu kuwa yana bakin wani mai kwat da zane a allo. Cinikin biri a sama ne, kuma mai gidan ba shi ya ga birin ya ce yana so ba, dole aka yi masa. In birin ya tsere, ba wanda zai biya. Ɗan majalisar ya gama wa'adinsa, kamfanin ya ce kasuwa ta canza, ɗan kwangilar ya ce banki ya hana rance, kowa da uzurinsa mai kyau.

Birin New London kuwa ya tsere. Wilhelmina Dery ta rasu a Maris 2006, a gidan da aka haife ta, kafin a kai ga fitar da ita. Sauran suka daidaita da gari a wannan shekarar bayan an ƙara musu kuɗi. Gidan Kelo mai ruwan hoda aka kwance shi katako-katako aka sake haɗa shi a titin Franklin cikin gari, yana nan har yanzu, na tsaya na ɗauki hotonsa daga tsallaken titi. Kamfanin da aka ba aikin gina otal da gidajen ya kasa samo kuɗi. A Nuwamban 2009 Pfizer ya sanar zai bar New London, ya kwashe ayyuka wajen 1,400, yawancinsu zuwa Groton a tsallaken kogi, daidai lokacin da rangwamen haraji na shekara goma da aka yi masa yake dab da ƙarewa. An kashe kusan dala miliyan 80 na jama'a. Magen daji suka mai da wurin gida. Da guguwar Irene ta yi ɓarna a 2011, nan gari ya ce a riƙa zubar da karyayyun rassan itatuwa. Ɗaya daga cikin alƙalan kotun ƙolin Connecticut da suka ba gari gaskiya da ƙuri'a huɗu da uku, Richard Palmer, ya haɗu da Kelo a wani taron cin abinci a 2010 ya ba ta haƙuri. Wani sabon magajin gari ma ya nemi afuwa a 2012. Sai a 'yan shekarun nan aka fara ɗora gini a wasu sassan filin, wajen shekara ashirin bayan an liƙa takarda a ƙofar matar nan.

Inda Amurkawa suka ba ni mamaki shi ne abin da ya biyo bayan hukuncin. Mutanen da ba sa ga maciji da juna suka haɗu a rumfa ɗaya. Ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙen fata ta NAACP da ta tsofaffi ta AARP tun a kotu suna bayan Kelo, tare da 'yan ra'ayin riƙau da ba su yarda da gwamnati ko a kan gishiri ba. Kowa ya gane abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Wani ɗan tsokana har ya shigar da takarda a garin Weare na jihar New Hampshire, a karɓe gidan gonar Mai shari'a David Souter, ɗaya daga cikin biyar ɗin, a gina otal tunda otal ya fi kawo haraji. Mutanen garin suka ƙi, amma saƙon ya isa. Shi kansa Stevens, 'yan makonni bayan hukuncin, ya gaya wa taron lauyoyi cewa da shi ɗan majalisa ne da bai goyi bayan irin wannan ƙwace ba, doka ce ta ɗaure shi. Jihohi fiye da 40 suka gyara dokokinsu.

Sai dai ba duka gyaran ne na Allah da Annabi ba. Florida ta yi na gaske a 2006: ta hana ƙwace da hujjar lalacewar unguwa, ta kuma hana miƙa abin da aka karɓe ga wani mai zaman kansa sai bayan shekara goma. Kotun ƙolin Ohio a wannan shekarar ta ce tsarin mulkin jiharta bai yarda a tashi mutum don kuɗin shiga kawai ba. Texas ta ba tsohon mai fili damar ya sake sayen abinsa in an shekara goma ba a yi aikin da aka ce ba. Amma jihohi da yawa sun rufe ƙofa ne suka bar taga: an hana ƙwace don raya tattalin arziki, an bar ƙwace don unguwa ta "lalace", sannan aka bar ma'anar lalacewa kamar roba. A garin Lakewood na Ohio, tun kafin Kelo, an taɓa cewa gida ya lalace in ba shi da ɗakin kwana uku, banɗaki biyu, garejin mota biyu da na'urar sanyaya gida. Da 'yan jarida suka bincika, gidan magajiyar garin ma bai tsira ba. New York kuwa ko gyaran ganin ido ba ta yi ba.

Da na dawo kan tamu dokar sai na ga mu ba mu ma kai ga irin gardamarsu ba. Su shekara da shekaru suna ja-in-ja kan ko kalmar amfanin jama'a ta haɗa da masana'antar wani. Mu an rubuta mana ɓaro-ɓaro. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda gwamnatin soja ta Obasanjo ta kafa, ta danƙa duk ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Kai izinin zama kake da shi. Sashe na 28 ya ba gwamna ikon soke izinin don maslahar jama'a, kuma inda dokar ta fassara wannan maslaha ta lissafa har da filin da ake buƙata don bunƙasa tattalin arziki ko masana'antu ko noma. Sashe na 29 ya ce diyyar ta abin da ka ɗora a kan ƙasar ce. Mutumin nan mai kwat ba ƙarya ya yi wa Baba ba, doka ya karanta masa. An kuma cusa dokar cikin tsarin mulki, yanzu tana sashe na 315 na kundin 1999, don haka taɓa ta sai an bi hanyar gyaran tsarin mulki. A Arewa ma abin ya girmi 1978. Tun 1910 Turawan mulkin mallaka suka ce ƙasar Arewa tana ƙarƙashin ikon Gwamna, dokar 1962 ta gaji wannan, ta 1978 ta shimfiɗa shi a duk ƙasa.

Abin da ban sani ba sai da na tona, kotunanmu sun taɓa tsayawa inda ta Amurka ta kauce. A 1974, shari'ar Ereku, gwamnatin jihar Tsakiyar Yamma ta karɓe fili a yankin Warri ta ba wani kamfanin waje mai suna McDermott haya, Kotun Ƙolin Najeriya ta ce wannan ba amfanin jama'a ba ne, ta soke. Bayan dokar 1978 ma Kotun Ƙolin ta nanata, a shari'ar Osho ta 1991, cewa ba a soke izinin wani da sunan jama'a sannan a miƙa wa kamfani mai zaman kansa. Hukunci mai kyau, a cikin littafin lauyoyi. Amma Susette Kelo ta kai Kotun Ƙoli ne don wata ƙungiyar lauyoyi, Institute for Justice, ta ɗauki shari'arta kyauta shekara biyar. Baba da maƙwabtansa arba'in ba wanda ya taɓa gaya musu akwai wani abu wai shi Ereku. Abin da suka sani shi ne Bakolori. Sun ji yadda manoman Talata Mafara suka tare hanya kan diyyar gonakin da madatsar ruwa ta cinye, da yadda 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta a Afrilun 1980, gwamnati ta ce mutum ashirin da wani abu suka mutu, mutanen yankin suka ce ɗaruruwa. Wanda ya ji wannan a rediyo, in an miƙo masa takarda dangwala yatsa zai yi.

Ni ban ce kada gari ya faɗaɗa ba. Asibitin da nake aiki ma a kan gonar wani aka gina shi wata rana, haka titin da ya kai ƙauyenmu. Da an yi masana'antar nan, da ƙannena biyu sun samu aiki a ciki, wataƙila da ban rubuta wannan ba. Abin da ya tsaya mini shi ne ba wanda ya ba da jingina. In gwamnati ta ce masana'anta za ta yi, a rubuta masana'anta da wa'adi; wa'adi ya cika ba a yi ba, gona ta koma hannun mai ita, ba hannun dillalai ba. In kuma fuloti za a yanka a sayar, to kasuwanci ne, a zauna da mai gona a yi ciniki kamar yadda ake yi da kowane mai kaya, ko a ba shi kasonsa mai tsoka cikin fulotan. Malamanmu kullum suna karanta hadisin wanda ya ci taƙi ɗaya na ƙasar wani da zalunci, za a rataya masa ita har ƙasa bakwai. Ban taɓa jin an karanta shi ranar rabon fuloti ba.

Da na koma gida daren nan na kira Baba. Ƙanena ya kai masa wayar, yana zaune a zaure bayan sallar asuba. Na ba shi labarin tun daga fentin ruwan hoda har zuwa magen daji. Ya saurara bai katse ni ba, sai "ikon Allah" da yake sakawa jefi-jefi. Da na zo kan alƙalin da ya ba da haƙuri ya ce, "To, wannan ya ji tsoron Allah." Na ce har gidan nata ma an kwance an kai wani wuri an sake kafawa, yana nan tsaye.

Ya yi shiru, ina jin carar zakara a bayansa. Can ya ce, "Har da ƙasar suka kwasa?"

Na ce, "A'a Baba, katakon kawai."

Ya ce, "Uhm." Sannan ya tambaye ni ko sanyin ya ragu a can, ya ce Inna tana son magana.